Kafin ka yanke shawara mai nauyi: matakan tunani daga tambaya zuwa zaɓi

Akwai wani tafki da bado ya fara tsirowa a kansa. Kullum faɗin badon yakan ninka na jiya. A rana ta 48 ya rufe tafkin ruf. To, a wace rana ya rufe rabinsa?

Yawancin mutane 24 ce ke fara faɗo musu a rai, kuma takan zo da tabbacinta, kamar ba sai an sake dubawa ba. Amsar kuwa 47 ce, domin in dai kullum ninkawa yake yi, to ana gobe zai cika rabi ya rufe. Wani masani mai suna Shane Frederick ya sa wannan tambaya cikin ɗan gajeren gwajin da ya wallafa a 2005, kuma ɗalibai da yawa na manyan jami'o'in Amurka sun faɗa ramin. Lissafin ba shi da wuya ko kaɗan. Amsa ce ta riga tunani isowa, shi kuma tunani ya sa mata hannu bai karanta ba.

Masana tunanin ɗan Adam sukan ce hanya biyu muke bi wajen tunani. Ɗaya mai sauri ce, ba ta cin ƙarfi, ita ke gane fuskar ɗan'uwanka daga nesa, ita ke jin fushi a muryar mutum tun bai gama magana ba. Ɗayar tana tafiya a hankali, tana gajiyarwa, kuma sai an kira ta take zuwa. Daniel Kahneman, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 2002 saboda aikin da suka yi da Amos Tversky, shi ya fi yayata wannan bayani. Bayan duba ayyukansu da na wasu, abin da na ɗauka shi ne: galibin kuskuren shawara tun kafin lokacin zaɓi ake tafka shi, a wurin da mutum ya faɗa wa kansa tambayar. Shi ya sa wannan jagora ya ba tambaya muhimmanci sosai.

Mataki na farko: duba ko shawarar ta cancanci wahala

Ba kowace shawara ke bukatar zama da takarda ba. Herbert Simon ya nuna tun a shekarun 1950 cewa ɗan Adam ba shi da lokaci ko ilimin da zai auna kowane zaɓi, don haka yakan ɗauki na farkon da ya isar masa. A ƙananan al'amura hakan hikima ce. Yi wa kanka tambaya biyu: in na kuskure, zan iya komawa baya? Kuma kuskuren wa zai shafa, har tsawon wane lokaci? In ana iya gyarawa cikin sauƙi, yanke ka wuce.

Sai batun "zuciyata ta ba ni". Gary Klein ya yi shekaru yana nazarin shugabannin 'yan kwana-kwana, ya ga sukan san abin yi cikin daƙiƙoƙi ba tare da sun jera zaɓi ba, kuma galibi sukan dace. A 2009 shi da Kahneman, waɗanda aka san ra'ayinsu ya saɓa, suka rubuta maƙala tare, suka yarda a kan sharuɗɗa biyu. Ana iya dogara da abin da zuciya ta bayar idan fagen yana da ƙa'idojin da ke maimaita kansu, kuma mutum ya daɗe a ciki yana ganin sakamakon hukuncinsa da wuri. Tsohon makanike da ya ji ƙarar inji ya ce ga abin da ya lalace, a saurare shi. Shi ɗin dai, in ya zo zaɓen inda zai zuba jarin tsufansa, abin da sau ɗaya zai yi a rayuwa, zuciyarsa ba ta da wannan horo, ko da kuwa tabbacin da yake ji iri ɗaya ne. Ƙarfin tabbaci ba ya auna gaskiya. Irin wannan shawara ta biyu ce sauran matakan suka shafa.

Mataki na biyu: rubuta tambayar, sannan ka sake faɗinta

A nan zan fi daɗewa. Ɗauki alƙalami ka rubuta shawarar a jimla ɗaya, yadda take yawo a kanka. Mu ce ka rubuta: "In bar aikin da nake yi in karɓi sabon da aka yi mini tayi, ko in zauna?" Ajiye ta, ka ji abin da kalmomi ke iya yi.

A 1981 Tversky da Kahneman suka ba mutane labarin wata annoba da ake sa ran za ta kashe mutum 600. Rukuni na farko aka ce musu: shiri na ɗaya zai ceci mutum 200 tabbas, shiri na biyu kuwa akwai yiwuwar ɗaya cikin uku a ceci duka 600, da biyu cikin uku kada a ceci kowa. Kashi 72 cikin ɗari suka zaɓi na tabbas. Rukuni na biyu aka ce musu: a shiri na ɗaya mutum 400 za su mutu tabbas, a na biyu akwai yiwuwar ɗaya cikin uku ba wanda zai mutu, da biyu cikin uku duka su mutu. Sai kashi 78 suka zaɓi kasadar. Duba da kyau: ceton 200 cikin 600 shi ne mutuwar 400. Lissafi bai motsa ba, lafazi kawai aka juya, sai zaɓin jama'a ya kife. In an yi mana maganar samu mukan riƙe abin da ke hannu, in an yi maganar rashi sai mu shiga caca don mu kauce masa. Zafin asara a zuciya yakan kai kusan ninki biyu na daɗin riba mai girma ɗaya da ita.

Har abin da ido ya gani kalma na iya taɓawa. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa mutane hoton bidiyo na haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi, kamar a ce "lokacin da suka ragargaji juna", ƙiyasinsu ya haura mil 40 a awa. Waɗanda aka ce wa "lokacin da suka taɓa juna" ba su kai mil 32 ba. A wani zagaye na gwajin, bayan mako guda, masu kalmar zafi sun fi cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a hoton.

Yanzu koma kan jimlarka. Ka ce "in bar aikina". Da wannan kalma ka riga ka mai da tsohon aikin dukiya, sabon kuma asara. Sake rubuta ta ta hanyoyi uku.

Juya ta: "Da a ce ba ni da ko ɗaya, aka ajiye mini duka biyun yau, wanne zan ɗauka?" Idan amsarka ta canza, to lafazi ne ke jan ka, sai ka binciki dalili.

Ɗora ta a kan wani: "Abokina na cikin wannan hali, me zan ce masa?" Igor Grossmann da Ethan Kross sun nuna a 2014 cewa mutane sun fi tunani da natsuwa da hangen ɓangarori a kan matsalar wani fiye da tasu, kuma wannan tazara takan rufe idan mutum ya dubi tasa matsalar daga gefe, kamar ta wani ce. Kira sunanka a takardar, ka ce wane yana tunanin kaza. Da farko za ka ji wani iri, amma ka daure.

In kana jin wani harshe ban da na gida, faɗi tambayar da shi. Boaz Keysar da abokan aikinsa a Jami'ar Chicago sun gano a 2012 cewa tasirin juya lafazi, irin na labarin annobar nan, yakan ragu sosai idan an gabatar da matsalar a harshen da mutum ya koya daga baya. Bayanin da suka bayar shi ne harshen koyo ba ya taɓa zuciya kamar wanda aka tashi da shi. Wannan ba ya nufin harshe na biyu ya fi hikima, domin akwai shawarar da jin zuciyar shi ne ainihinta. Amfaninsa dai ka ga ko amsar za ta tsaya in an cire mata zafi.

Mataki na uku: ƙara zaɓi, ka sauke komai a takarda

Tambayar "in yi ko in bari" ƙunci gare ta. Tilasta wa kanka samo zaɓi na uku da na huɗu. Za ka iya neman a ɗaga maka lokacin fara sabon aikin? Za ka iya kai tayin wurin shugabanka na yanzu ku yi magana? Dabara mai kyau ita ce ka ɗauka an hana ka duka zaɓi biyun farko, ka ga me zai fito.

Karl Duncker ya ba mutane kyandir, da ashana, da ƙaramin kwali cike da ƙusoshi, ya ce su maƙala kyandirin a bango yadda zai ci wuta ba tare da ya ɗiga ƙasa ba. Da yawa suka yi ta fama da kafe kyandirin kansa. Mafita ita ce a juye ƙusoshin, a kafe kwalin a bango, a ɗora kyandir a ciki. Da aka ba wasu kwalin babu komai a cikinsa, ƙusoshi a gefe, nan da nan suka gano. Muddin kwalin na cike, ido mazubi kawai yake gani. Saboda haka lissafa abin da kake da shi, lokaci, sana'a, mutane, kayan aiki, ka tambayi kanka me kowanne zai iya yi ban da abin da ka saba yi da shi.

Rubutun kuwa dole ne. George Miller ya ce a 1956 abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce bakwai ba, da ƙari ko ragin biyu. Nelson Cowan a 2001 ya ce abin ya fi kusa da huɗu. Shawarar da ke da zaɓi uku da dalilai shida ta fi ƙarfin wannan ma'aji, shi ya sa kake kwana kana juya abu ɗaya.

Mataki na huɗu: nemi abin da zai ƙaryata ka

A 1960 Peter Wason, a Landan, ya ba ɗalibai lambobi uku: 2, 4, 6. Ya ce akwai ƙa'idar da suka bi, ku gano ta. Ku kawo naku lambobi uku, ni kuma in ce muku sun dace ko ba su dace ba. Ɗalibi sai ya raya a ransa cewa ƙa'idar ita ce ƙarin biyu-biyu. Ya ce 8, 10, 12. An ce ya dace. Ya ce 20, 22, 24. Ya dace. Ya ce 100, 102, 104. Ya dace. Sai ya bayyana ƙa'idarsa da ƙarfin gwiwa, a ce masa bai samu ba. Ƙa'idar ita ce kowane lambobi uku da ke hawa sama, ko da 1, 17, 300 ne. Ƙalilan ne suka gano ta a karon farko, kuma su ne waɗanda suka gwada abin da suke zaton za a ce bai dace ba, irin 5, 6, 7 ko 9, 4, 1. Kowace "eh" da ɗalibin farko ya samu ta ƙara masa tabbaci, amma ba ta ƙara masa sani ba.

Haka muke yi da shawara. Da zarar rai ya karkata, sai mu tambayi wanda muka san zai goyi baya, mu karanta abin da zai faranta mana, mu kira shi bincike. Ga yadda za ka karya wannan: a ƙarƙashin zaɓin da ka fi so, rubuta, "Me zan gani ko in ji da zai sa in fasa?" Ka faɗi abu takamaimai, sannan ka tafi neman sa da gaske. In sabon aiki ne, kada ka tsaya ga wanda ke jin daɗin wurin. Nemi wanda ya bar shi, ka ji dalilinsa. In ka rasa abin da zai sa ka fasa, to ka riga ka yanke, hujja kawai kake tarawa.

Kuma kada ka dogara da cewa za ka yi adalci. Charles Lord da abokan aikinsa sun gwada a 1984: umartar mutane su kauce wa son rai bai yi wani tasiri ba, amma da aka ce su yi tunanin yadda za su ɗauki hujjar da a ce akasin haka ta nuna, son ran ya ragu. Niyya ba ta wadatar, sai da aikin da za a sa hankali ya yi.

Mataki na biyar: yi hattara da lambobi

Lambar farko da ta shiga kunne takan zama turke. Tversky da Kahneman sun juya wa mutane wata ƙafar caca, wato faifai mai lambobi da ake juyawa, da aka shirya ta tsaya a 10 ko 65, sannan suka tambaye su kashi nawa na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 ƙiyasinsu ya tsaya wajen 25, waɗanda suka ga 65 wajen 45, duk da kowa ya san ƙafar ba ta da alaƙa da tambayar. Don haka rubuta naka ƙiyasin, na albashi ko na lokaci ko na kuɗin aiki, kafin ka ji na ɗaya ɓangaren.

In an ba ka kashi cikin ɗari, mai da shi mutane. Gerd Gigerenzer ya daɗe yana nuna cewa har likitoci sukan rikice da kashi-kashi, amma su warware in an ƙirga musu kawuna. Ga misali. Wata cuta na kama mutum ɗaya cikin ɗari. Gwajinta na gano kashi 90 na masu ita, yana kuma yi wa kashi 9 na masu lafiya ƙarya. Gwajinka ya nuna kana da ita. Hankali zai ce kashi 90 ka kamu. Yanzu ƙirga: cikin mutum 1,000, goma ne ke da cutar, gwaji zai kama tara. Sauran 990 lafiyarsu ƙalau, amma gwaji zai nuna wajen 89 daga cikinsu. Ke nan mutum 98 aka ce suna da ita, tara kacal ke da ita da gaske: kusan ɗaya cikin goma sha ɗaya. Wannan dalili ne na sake gwaji da bin maganar likita, ba na yin sakaci ba, amma dubi tazarar da ke tsakanin tsoron farko da ainihin lissafi.

Na uku, tambayi yadda ta kaya da waɗanda suka riga ka. A 1994 Roger Buehler da abokansa a Kanada suka tambayi ɗalibai yaushe za su gama kundin bincikensu. Matsakaicin ƙiyasinsu kwana 34 ne. Da aka ce su ɗauka komai ya cakuɗe, suka ce wajen 49. Sai da suka ci kusan 56. Gidan wasannin Sydney a Ostireliya an sa ran gama shi a 1963, sai 1973 aka buɗe, kuɗinsa kuma ya ninka fiye da sau goma. Mai shiri hanyarsa yake kallo, ba ya ganin cikas ɗin da bai taɓa faruwa da shi ba. Nemi mutum biyar ko goma da suka yi irin abin da za ka yi, ka ji nawa suka kashe, wata nawa suka ɗauka, nawa suka kai labari. Daga nan za ka fara, sannan ka gyara kaɗan saboda abin da ya bambanta ka da su.

Mataki na shida: shawara, amma ɗaya bayan ɗaya

Shawara ɗaukar ɗaki ce, sai dai akwai yadda ake ɗaukar. Francis Galton ya tattara ƙiyasin mutum 787 kan nauyin wani bijimi a wata kasuwar baje koli a Ingila, ya wallafa a 1907 cewa ƙiyasin tsakiya bai kauce wa gaskiya da ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sirrin shi ne kowa nasa ya rubuta shi kaɗai. Gwaje-gwajen Solomon Asch na shekarun 1950 sun nuna ɗaya fuskar: idan jama'a suka haɗu a kan amsar da ido ke ganin kuskure ce, kusan uku cikin huɗu na mutane sukan bi su aƙalla sau ɗaya. Don haka tambayi mutanenka daban-daban, kada ka fara faɗa musu inda ka karkata, kuma kada ka ce wa na biyu ga abin da na farko ya ce. In taro ne, kowa ya rubuta ra'ayinsa kafin babba ya buɗe baki.

Mataki na bakwai: ɗauka abin ya riga ya rushe

Wannan dabarar Klein ce, ya bayyana ta a 2007. Ka ɗauka shekara guda ta wuce, ka bi zaɓinka, kuma abin ya wargaje. Ba "zai iya" ba, ya riga ya faru. Ba kanka minti goma ka rubuta labarin yadda aka yi. Mutanen da suka yi shiru da aka ce "akwai matsala?" sukan cika shafi in an ce "me ya kashe shi?". Zaɓi dalilai biyu ko uku da suka fi yiwuwa, ka tanadi abin da za ka yi wa kowanne tun yanzu.

A nan ne kuma za ka cire abin da ka riga ka kashe daga lissafi. Hal Arkes da Catherine Blumer sun ga a 1985 cewa waɗanda suka sayi tikitin wasannin kwaikwayo da cikakken kuɗi sun fi halarta a farkon kakar fiye da waɗanda aka yi wa rangwame, alhali wasannin ɗaya ne. Gwamnatocin Birtaniya da Faransa sun ci gaba da zuba kuɗi a jirgin sama na Concorde bayan alamu sun nuna ba zai mai da su ba. "Na riga na ba shi shekara biyar" magana ce mai ciwo, kuma ban raina ciwon ba, amma shekarun nan sun tafi ko ka zauna ko ka tashi. Abin da ke hannunka shi ne shekara biyar masu zuwa.

Mataki na takwas: yanke, ka ajiye shaida

Sa ranar yankewa, in hali ya yi ka kwana a kai, sannan ka yanke. Kafin ka rufe takardar, rubuta abu huɗu: abin da ka zaɓa, dalilanka, abin da kake sa ran zai faru, da yawan tabbacinka, misali bakwai cikin goma. Baruch Fischhoff ya nuna a 1975 cewa da zarar mutum ya san yadda abu ya ƙare, sai ya ga kamar dama can a bayyane yake. Ba tare da rubutu ba, in abin ya yi kyau za ka ce dama ka sani, in ya ɓaci ka zargi kanka da abin da ba yadda za a yi ka sani a lokacin. Shawara mai kyau na iya haifar da mugun sakamako, ta banza kuma sa'a na iya rufa mata asiri.

A ƙasan takardar sa ranar da za ka sake buɗe ta, bayan wata uku ko shida, tare da alamar da in ka gan ta za ka canza hanya ba tare da jayayya da kanka ba. Ranar da ka buɗe, karanta abin da ka yi hasashe tukuna, kafin ka dubi abin da ya faru.